Ragowar Kwaɓi

Talata, da hantsi

Sun liƙa jar takarda a ƙofar gidan burodinmu, mai tambarin hukumar birni. An dakatar da lasisi sai an sake dubawa. Na karanta ta, na sake karantawa ko za ta canza magana, ba ta canza ba.

Su biyu suka zo, wata mai tabarau da wani riƙe da akwatin sikeli. Ladabi kamar su kwanta a ƙasa, Mai Tabarau har da rusunawa ta gaida Maigida. Suka riƙa ɗaukar burodi daga kan katako, na sama, na tsakiya, na ƙasa, suna ɗorawa a sikeli. A jikin ledarmu an rubuta nauyin kowane burodi, kuma ko ɗaya bai kai abin da aka rubuta ba. Ta ce masu saye ne suka kai ƙorafi. Ta ce ba rufewa ce ta har abada ba. A samo sikeli, a halarci bitar da hukuma ke yi wa ƙananan masu sana'a, sannan mai lasisi ya auna kwaɓi a gabansu, shi ke nan su cire takardar. Amma idan watan nan ya ƙare ba a yi ba, lasisin ya tafi gaba ɗaya.

Maigida ya saurare ta har ta kai aya, sannan ya ɗaga hannunsa na dama. Ya ce, "'Yata, kin ga wannan? Ya girme ki a aiki. Tun ba a haife ki ba yake yanka kwaɓi, bai taɓa neman wani ƙarfe ya gaya masa gaskiya ba."

Ta ce, "Na sani, Baba," ta liƙa takardarta.

Ni dai na kalli hannun da ya ɗaga, sannan na kawar da kai. Dogo, mai kula mana da murhu, ya je ya kashe wuta.

Talata, bayan la'asar

Ba takardar ce ta fi ci masa rai ba, Auta ce. Autarmu dai, wadda shi da kansa ya raka har ƙofar hukumar nan ranar da ta kama aiki, ya dawo yana gaya wa duk wanda ya tsaya sayen burodi cewa 'yarsa ce yanzu ke karɓar ƙorafin masu saye na garin nan kaf. Jiya da yamma tana gidan nan. Ta ci abinci tare da mu, ta tsokane shi a kan hularsa da ta koɗe, ta wanke kwanuka, mijinta ya zo ya ɗauke ta. Uffan ba ta ce ba.

"Ta sani," in ji shi. "Tana zaune a tabarmata tana cin abincina, alhali ta san da safe za a zo a liƙa mini jar takarda."

Na ce wataƙila ba ta sani ba. Ya kalle ni, na kalli ƙasa, don ni kaina ban yarda da abin da na faɗa ba. Ya ce daga yau kada in ƙara ce masa Auta, sunanta Hukuma. Na ce to, Allah ya huci zuciyar uban Hukuma. Bai yi dariya ba, amma gemunsa ya motsa, na gani da idona.

Laraba, da safe

Hukuma ta zo kamar kullum kafin ta wuce ofis. Babu abin da za ta ɗauka, amma ta zo.

Tun tana 'yar firamare uban ya ɓata ta da wannan abu. Buhun fulawa ɗaya idan an kwaɓa, yana cika gwangwanayen da ke kan katako cif, sai ɗan abin da ya rage a kan tebur, bai fi dunƙulen hannu ba. Wannan ragowar ba ta sayarwa ba ce. Ya mulmula ta ya gasa a gefen murhu, burodin Auta ke nan. Yayyenta sun yi ƙorafi har suka gaji, suka girma suka bar gari. Da ta fara aiki ta ce doka ta hana ta karɓar ko tsinke daga hannun mai lasisi. Ya ce to, shi a cikin gidansa ba mai lasisi ba ne, uba ne. Sai ya koma kawo shi kicin ɗina a nannaɗe cikin tawul, ita kuma ta biyo ta ci a tsaye tana duba agogo. Bana ma burodin nata ƙara girma yake ta yi har sai da ya koma gasa shi a gwangwani, muna ta tsokanarsa cewa son 'yar ne ke kumbura kamar an zuba masa yis.

Yau yana jin sallamarta ya shige ɗaki ya ƙure rediyo.

Ta zauna a kan ƙaramar kujerata da kayan aikinta, idanun nan sun kumbura. Ta ce, "Umma, a teburina ƙorafin ya faɗo. Ina ganin sunan gidan burodin na kai wa shugabarmu, na ce na ubana ne, a cire hannuna a ciki. Ban san ranar zuwansu ba sai shekaranjiya da rana."

Na ce, "Haba Auta, ai da kin ɗan yi mana tari ko a waya ne."

"In na yi muku tari, da wane ido zan kalli wanda zai zo gobe ya ce an tauye masa awo? Kuma Umma, tsakani da Allah, sau nawa na yi masa maganar sikeli? Wanda na saya masa yana ina?"

Yana saman kabad ɗin kicin, a cikin kwalinsa, ni da kaina na ɗora masa tsofaffin tukwane a kai. Na juya na ci gaba da wanke-wankena.

Da za ta tafi ta tsaya a ƙofar ɗakinsa ta ce, "Baba, na wuce." Rediyo ce ta amsa mata da labarin ƙwallo. Mutumin da bai san 'yan wasa nawa ne ke shiga fili ba.

Alhamis, da safe

Ta zo. Bai fito ba.

Juma'a, da rana

Wayyo ni, a buɗe gidan burodin nan ko don in samu in huta! Mutumin da tunda na aure shi bai san inda cokali yake kwana ba, yau shi ke koya mini yankan albasa. Ya gyara ƙofar banɗaki da ba ta lalace ba, yanzu kam ta lalace. Har yanzu kafin asuba yake tashi, ya sa rigar aikinsa, ya zauna a tsakar gida yana jiran ban san mene ne ba. Ina leƙensa ta taga, tausayi ya kama ni, sai in tuna ƙofar banɗakina in ji haushi ya dawo.

Na kai masa shayi, kofin ya suɓuce ya fashe. Ya ce kunnen kofin ne ke da santsi. Na ce ƙwarai kuwa, sabulun nan na yanzu ba ya fita da ɗauraya. Ba shi ne na farko ba. Na tattara kofunan tangaran na kai ƙuryar kabad, na fito da na roba, na ce na tangaran na baƙi ne. Maɓallin wuyan rigarsa ma ni nake saka masa tun watannin baya, ina cewa ramin ne tela ya matse.

Ba zan rubuta fiye da haka ba.

Lahadi, da yamma

Mai shayin bakin titi ya zo jaje. Abokin Maigida ne tun suna samari, kuma shi ne ya fara sayen burodinmu tun muna gashi a rabin ganga. Yanzu na babban kamfani yake karɓa. Ya ce wannan ba burodi ba ne, soso ne, kana tsoma shi a shayi zai shanye kofin ya bar mutum da ƙishirwa. Maigida ya yi dariya, karon farko tun ranar Talata, har na ji sanyi a raina.

Can sai na ji Maigida ya tambaye shi, "Tsakaninka da Allah, kai ka taɓa ganin burodina ya ragu?"

Mai Shayi ya tsura wa takalminsa ido kamar yau ya fara ganinsa. Da ƙyar ya ce, "Ka san ni da kai ba ma awo."

Ni kuwa ina daga kicin na gane. Ashe shi ma ya gani ya haɗiye. Mu nawa ne muka gani muka yi shiru don muna son mutumin nan?

Bayan ya tafi Dogo ya shigo yana ta murza hula. Wani gidan burodi a hayin gada sun ce ya zo ya riƙe musu murhu, yana da iyali, ba ya son ya tafi ba da izini ba. Maigida ya ce, "Je ka mana, Dogo, ai yara ba sa cin haƙuri." Har ƙofa ya raka shi. Da ya dawo ya tsaya a gaban jar takardar nan ya daɗe, hannunsa na dama a cikin aljihu.

Litinin, da rana

Auta ta zo, ta ajiye wa uban lemo a bakin ƙofa. Bai fito ba. Amma da na je shara na tarar da ɓawon a ƙarƙashin gado.

Laraba, bayan la'asar

Na je bitar. Shi ya ce ko a mafarki ba zai zauna a benci wani ɗan jiya ya koya masa burodi ba. Na ce to ni zan je, ai ni ba ni da gemun da zai zube.

A hawa na biyu ake yi, wani ɗaki mai fanka ɗaya da ke juyawa don a ce tana juyawa. Muna da yawa. Akwai mai yin sabulu, akwai mai cika tukunyar gas, akwai wasu teloli biyu da suka zo neman lasisi suka shigo ɗakin da ba nasu ba kuma kunya ta hana su fita. Wani mahauci a gefena ya yi barci har da minshari, da aka tashe shi ya ce yana ji, idonsa ne kawai ya rufe. Malamin ya nuna mana yadda ake ɗora faranti a mayar da sikeli sifili kafin a fara awo, da yadda ake barin ɗan ƙari a kwaɓi saboda abin da wuta za ta sha. Ya ce wa ke son ya gwada, na miƙe. Ni da rabona da allo tun ina budurwa, sai ga ni a gaban aji ana tafa mini. Allah na tuba, na ji daɗi.

Da aka tashi na tare Mai Tabarau a matakala. Na ce tunda ni na yi bitar, ko zan iya auna musu a madadinsa? Ta ce bitar kam ta karɓu tunda gida ɗaya ne, amma awo sai mai lasisi da hannunsa. "Sai dai in zai mayar da lasisin sunanki, Mama." Na ce ki rufa mini asiri, ina son sauran kwanana.

A ƙasa na hango Auta. Ban taɓa ganinta a bakin aiki ba. Teburinta na kusa da ƙofa, mutane sun yi layi, kowa da abin da ya riƙo. Wata tsohuwa ce a gabanta da kwalbar man girki, an dunƙule gindin kwalbar ciki don ta ci kaɗan. Auta ta tashi ta ba ta kujerarta, ita ta tsaya tana rubutu a sunkuye. Na ji tsohuwar tana cewa, "'Yar nan, ba don yawan abin na zo ba. Jikoki nake riƙo. In an rage mini, su ba za su sani ba, ni ce zan kwana ban ci ba."

Burodinmu ma a irin gidajen nan ake yanka shi a raba.

Auta ta ɗago ta gan ni. Ta haɗe rai irin na ma'aikata ta ce, "Baiwar Allah, in ƙorafi kika kawo, layi za ki bi." Na ce ƙorafi kam ina da shi, a kan wani tsoho mai taurin kai da 'yarsa da ta gado shi. Ta sa takarda ta rufe fuska tana dariya, amma da ta sauke na ga ba dariya kaɗai ba ce.

Alhamis, da hantsi

Na sauke tukwanen, na sauko da sikelin, na goge shi na sa masa batir, na ajiye shi a tsakiyar teburin kicin. Ya shigo ya gan shi, ya kewaye shi kamar ya ga kunama.

"Sakatare," haka yake ce mini saboda wannan rubutun da nake yi, "ke ma kin koma Hukuma ke nan?"

Na ce ni albasata nake aunawa, ban kira sunan kowa ba. Ya ce albasar ma ƙarya zai yi mata. Ya fita, ya dawo wai ya manta hularsa, alhali tana kansa.

Asabar, da rana

Yau babu ofis, sai Auta ta zauna tana taya ni tsince shinkafa. Shi yana ɗaki da rediyonsa. Watan ya kusa ƙarewa, raina a jagule yake, sai na huce a kanta. Na ce wai ke me ya sa tun bara kika addabe shi da maganar sikeli, tun kafin kowa ya kai ƙorafi? Wa ya gaya miki?

Ta ajiye farantin. Ta ce, "Burodina ne ya gaya mini, Umma."

Na ce kamar yaya?

"Buhun bai ƙaru ba. Gwangwanayen ba su ragu ba. To daga ina nawa yake samo girma? Abin da ya fita daga na mutane ne yake taruwa a kan tebur. Kuna dariya kuna cewa so ne, ni kuma ina tsaye a nan ina haɗiya da ƙyar. Na mutane nake ci, Umma, kullum da safe, sannan in tafi ofis in zauna a teburin ƙorafi."

Shekara guda ina ganin burodin nan yana girma, ban taɓa haɗa lissafin ba. Ko kuwa na haɗa na ƙi dubawa, oho.

Ta rage murya ta ce, "Ba ha'inci ba ne, na san Baba. In ya ɗaga kwaɓin, nauyi yake ji tun bai kai ba, sai ya ɗauka ya kai. Ke ma kin san dalili. Ina kofunan tangaran?"

Na ce ki kama bakinki, ba a gidan nan ba. Ta ce ta kama, amma kama bakin ne ya kawo mu nan. Raina ya ɓaci ƙwarai, don gaskiya ta faɗa.

Sai a lokacin muka lura gidan ya yi tsit. Ban san tun yaushe aka kashe rediyon ba.

Lahadi, da yamma

Bai ci abinci ba. Bai kunna rediyo ba. Bai ko tsokane ni ba, wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Litinin, da hantsi

Bayan sallar asuba na ji motsi a kicin. Na tarar ya kwaɓa fulawa a babbar robata, ya share tebur ya barbaɗa gari, ya jawo sikelin kusa. Ya ce, "Sakatare, zo ki karanta mini." Sannan ya juya wa sikelin baya, wai shi ba zai kalle shi ba.

Ya yanka, ya ɗaga a tafin hannunsa, ya ɗan jijjiga kamar yadda na saba gani tun ina amarya, ya miƙo mini ta gefe. Na ɗora.

"Ya kai?"

Wallahi ƙaryar tana kan harshena. Bayansa kawai nake gani, da wuyan nan da ya rame, da maɓallin da ban riga na saka masa ba. Kalma ɗaya ce, in ce ya kai, ya juyo yana murmushi. Sai tsohuwar nan mai kwalbar mai ta faɗo mini a rai.

Na ce, "Bai kai ba."

Ya sake yankawa. Bai kai ba. Ya sake, ya daɗe yana jijjigawa. Bai kai ba, wannan ma ya fi na baya raguwa. Ya gwada da hagu, ya zarce sosai. Ya tsaya ya dafa tebur, sannan ya zauna a ƙaramar kujerata, gwiwoyinsa har kusa da haɓa.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar da buta ta faɗi a hannunka kana alwala."

"Kika yi shiru."

"Kai ma ka yi shiru."

Ya buɗe hannun a kan gwiwarsa yana kallo, duk fulawa. Ya ce, "Kamar na aro nake jin sa. Ina cewa zai dawo." Can ya ce, "Na tauye bayin Allah, Sakatare. Na tattara haƙƙinsu na gasa, na ba 'yata ta ci."

Ban san lokacin da na durƙusa na kama hannun ba. Hannun da ya ciyar da mu, ya sa yara a makaranta, ya riƙe ni ranar da muka binne ɗanmu na fari. Na ce ba da gangan ka yi ba, Allah ya sani. Ya ce wanda ya ci rabin ƙoshi bai san da wannan ba. Muka yi kuka, mu biyu tsofai-tsofai, a kicin, kwaɓi yana ta tashi a roba ba ruwansa.

To, bari in rubuta tunda shi ma ya faɗa da bakinsa. Hannunsa na dama ba shi da lafiya, kuma ya daɗe.

Da ya share fuska ya jawo sikelin da hagu ya ce, "Nuna mini yadda ake mayar da abin nan sifili." Na ce sai ka ce don Allah, Malama. Ya ce in ban yi wasa ba zai kai ƙorafina hukuma, yana da 'ya a can.

Talata, bayan la'asar

Mun je asibiti. Likita ta yi masa faɗa ta haɗa da ni, na sunkuyar da kai na karɓa. Ta ba da magunguna da wata 'yar ƙwallon roba da zai riƙa matsawa, ta ce mu dawo. Sauran abin da ta faɗa na baro shi a can.

Laraba, da safe

Ta zo. Ya shige ɗaki, amma bai kunna rediyo ba. Yanzu ba fushi ne ke ɓoye shi ba, kunya ce. Na gaya wa Auta gobe za a sake dubawa, ta ce ta sani, ba ruwanta, amma ta riƙe gefen ƙofa sai da ta daidaita numfashi.

Alhamis, da yamma

Dogo ya dawo tun da duhu, ba wanda ya aika masa, Mai Shayi ne ya kai labari. Shi ya yi kwaɓin.

Mai Tabarau ta zo da abokin aikinta, suka fara gwada sikelinmu da ƙarafan awonsu, ya yi daidai. Maigida ya ɗaure rigar aiki. Ya ɗora faranti, ya mayar sifili, ya kalle ni ta wutsiyar ido ko Malama ta gani. Ya yanka ya ɗora, bai kai ba, ya tsinko ya ƙara. Hannun yana rawa, kowa yana gani, ba wanda ya kawar da kai, ni ma yau ban kawar ba. A da kafin ka ƙifta ido ya cika katako guda. Yau a hankali ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya gama, gumi ya jiƙa masa riga. Aka gasa, aka bari ya huce, suka ɗauka na sama, na tsakiya, na ƙasa. Duk sun kai.

Ya ce mata, "'Yata, hannun nan da na nuna miki ran nan, ya yi ritaya. Ki yafe mini cika baki."

Ta ce, "Baba, ai bai yi ritaya ba, mataimaki aka ba shi." Ta sa farce ta ɓanɓare jar takardar. Ta bar ɗan tabo a jikin fenti, Dogo zai kankare, Maigida ya ce a bar shi nan.

Ya ce buhun farko na gobe ba na sayarwa ba ne. Duk wanda ya saba saye a wurinmu ya zo ya ɗauka. Na ce kamfani ka zama? Ya ce bashi ne, ki yi shiru. Na yi shiru, don na san ko ya ba da buhu goma ba zai ji ya biya ba.

Juma'a, da hantsi

Ƙamshin ne ya tashe ni. Na kwanta ina shaƙa kamar yarinya, har na kusa makara salla.

Da gari ya waye ya shigo kicin da tawul a nannaɗe, ya zauna a kujera ya ɗora shi a cinya. Da muka ji sallamar Auta na zaci zai miƙe ya shige ɗaki. Bai motsa ba.

Ta tsaya turus a bakin ƙofa da jakarta a kafaɗa. Ta ce, "Ina kwana, Baba." Ya amsa yana kallon tawul. Sannan ya warware shi da hagu, ya miƙa mata da dama, hannun yana rawa.

Ɗan mitsitsi ne, bai fi dunƙulen hannu ba, irin wanda take sakawa a aljihun rigar makaranta. Ya ɗan karkace gefe guda, don hannun bai iya mulmula shi sosai ba.

Ya ce, "Ga sikeli nan. Hukuma ta duba ko akwai na wani a ciki."

Ta karɓa da hannu biyu. Ba ta ko kalli sikelin ba. Ta ce, "Babu, Baba. Wannan nawa ne."

Ta gutsura ta kai baki a tsaye, hawaye na zuba, tana tauna tana shessheƙa har ta ƙware. Ya miƙe da sauri yana bubbuga mata baya.

"A hankali mana, Auta, da zafi."

Yau ta makara ofis.